Daga Laifzig Zuwa Kadawa: Tarihin da Ya Kamata Mai Neman Digirin Digirgir a Ilimin Halayyar Ɗan Adam Ya Sani

A wannan makon za mu waiwayi tarihin wani fanni da da yawa daga cikinmu suka fara cin karo da shi a ajin NCE, musamman waɗanda suka bi ta Kwalejin Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, wato ilimin halayyar ɗan Adam. Wasunmu sun yi digiri na biyu, yanzu suna laluben inda za su yi na uku. Shekara uku zuwa biyar na rayuwar mutum da kuɗin gidansu za su tafi a kan wannan zaɓi, don haka ya dace mu san asalin hanyoyin da ke gabanmu kafin mu sayi fom.

Tunani a kan zuciya da hankali tsoho ne a wajenmu. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi, ya kuma rarrabe baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauka wa mutum haka kawai. A ƙasar Hausa kuwa, wanda hankalinsa ya taɓu akan kai shi wajen malami a yi masa rubutu da tofi, ko wajen boka, ko 'yan bori. Amma fannin da jami'o'i ke ba da digiri a kansa a yau an fi ƙirga farkonsa daga 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Jami'ar Laifzig ta Jamus. Ɗalibai suka riƙa zuwa daga ƙasashe suna koyon auna gani da ji da saurin amsawa, suna komawa gida suna buɗe nasu sassan.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta cika da sojojin da suka dawo da firgita, masu duba su kuma sun yi kaɗan. A 1949 aka yi taro a garin Boulder aka amince cewa mai digirin digirgir a ɓangaren jinya ya zama mai bincike kuma mai duba marasa lafiya a lokaci guda. A 1973 aka sake wani taron a Vail, aka amince da wani digirin, PsyD, wanda ya fi ba da ƙarfi ga aikin jinya. Tun daga nan tambayar farko ga ɗalibi ita ce: bincike da koyarwa kake so, ko zama da mai damuwa a ɗakin asibiti?

A Najeriya, asibiti ya riga aji zuwa. Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidan mahaukata a Yaba a 1907, suka kafa dokar hauka a 1916, kuma manufarsu ta fi karkata ga tsarewa. Wanda ya sauya akalar shi ne Dakta Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa da ya yi karatu a Ingila. A 1954, a Aro kusa da Abeokuta, ya fito da tsarin saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye, kowane tare da ɗan uwansa, suna zuwa asibiti da rana, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Wannan aiki ya kai shi har muƙamin mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Sashen ilimin halayyar ɗan Adam na farko a jami'ar Najeriya kuwa sai a 1964 aka buɗe shi, a Nsukka. Legas da Ibadan da Jos suka biyo baya.

A nan Arewa maso Yamma fannin ya shigo ne ta ƙofar horar da malaman makaranta. Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, da Jami'ar Bayero da ta tsaya da ƙafarta a 1977, sun gaji buƙatar samar da malamai ga makarantun da ke ta ƙaruwa, musamman bayan shirin UPE na 1976. Shi ya sa abin da ya yi ƙarfi a Zariya da Kano shi ne halayyar ɗalibi a wajen koyo, da nasiha da ba da shawara, duk a ƙarƙashin tsangayar ilimi. Lura da masu taɓin hankali kuma ya zauna a hannun likitoci da ma'aikatan jinya, a Dawanau da Asibitin Malam Aminu Kano da Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato.

Wannan tarihi shi ya raba mana hanya uku. Wanda ya zaɓi Kano ko Zariya zai yi karatu kusa da gida, da kuɗi mai sauƙi, cikin mutanen da yake jin harshensu, kuma digirinsa zai yi masa amfani a kwaleji da jami'a da ma'aikatar ilimi. Sai dai ya sani cewa digirin tsangayar ilimi ba ya mayar da mutum mai jinya a asibiti. Wanda ke son ɓangaren jinya, ko halayyar ma'aikata, ko ta jama'a, zai duba jami'o'in da ke da cikakken sashe irin su Jos da Ibadan da Nsukka, kuma galibi za a tambaye shi digirinsa na farko da na biyu a fannin. Mai hangen waje kuma ya san cewa a Ingila digirin bincike kusan shekara uku zuwa huɗu ne, kundi ne zalla a hannun malami, a Amurka kuwa yakan kai biyar zuwa bakwai, da darussa da jarrabawa kafin kundi. Malaman manyan makarantun gwamnati suna da ƙofar TETFund. Sauranmu sai aljihu ko tallafin jami'ar da ta ɗauke mu.

Akwai kuma wani gargaɗi da ya zo daga Sudan. Farfesa Malik Badri, wanda ya yi digirinsa na uku a Leicester ta Ingila, ya wallafa littafi a 1979 a kan tsaka mai wuyar da Musulmi masana wannan fanni suke ciki, yana jan kunne a kan kwaso ra'ayoyin Freud da makamantansa ba tare da tacewa ba. Daga baya Turawan da kansu suka ƙirga. Wani nazari na 2008 ya nuna cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi gwaji a kansu a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen Yamma masu masana'antu, waɗanda ba su wuce kashi 12 na al'ummar duniya ba. Ke nan ma'aunin da aka gina a kan ɗalibin Amurka sai an yi masa aiki kafin ya auna manomin Bunkure.

Mu ɗauki titin Zariya daga Kumbotso, mu haye gadar Tamburawa mu isa Kura da Kadawa. Dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974, aikin gwamnatin Audu Bako, ya kawo ruwan da ya mayar da rani lokacin noma. An sake yanka gonaki, an tashi wasu ƙauyuka, ci-rani ya ragu, kuɗin alkama da shinkafa da tumatir ya shigo gidaje. Masu nazarin zamantakewa irin su Tina Wallace da Cecile Jackson sun zauna a yankin sun rubuta yadda aikin ya shafi ƙananan manoma da mata. Tambayoyin zuciya kuwa suna nan jibge. Me bashi ke yi wa barcin magidanci idan kwandon tumatir ya faɗi warwas a Kwanar Gafan? Yaya gidaje suka ɗauki asarar 2016, da tsutsar tumatir ta cinye gonaki? Me ke kai matashin da ke kwana ban ruwa ga ƙwaya? Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kuma a shekarar ce gwamnati ta haramta haɗa maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC da ya nuna cibiyar gyaran hali ta Ɗorayi. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi kundi ce guda.

To da me za mu auna shirin karatu? Mu fara da malamin da zai duba aikin, domin shi ne rabin digirin. Mu karanta abin da ya wallafa, mu ji ɗalibai nawa ke hannunsa, mu tambayi waɗanda suka gama shekara nawa suka yi. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Mu tabbatar Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da shirin. In jinya muke so, mu ga asibitin da ake tura ɗalibai da wanda ke sa musu ido a can. Mu lissafa kuɗin makaranta da na mota da na zuwa filin bincike, mu ƙara shekara guda saboda yajin aiki, kamar na wata takwas da aka yi a 2022. 'Yan uwa mata masu aure da goyo su tambayi sau nawa ake buƙatar ganinsu a harabar makaranta, don a shirya da gida tun da wuri. Sannan mu tambaya kai tsaye: za a bar mu mu tattara bayanai da Hausa?

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ta fi shafar mu marubuta. Harshenmu ya rarrabe damuwa da zullumi da fargaba da ƙunci da takaici, yana da kunya da kara da kawaici, har Anthony Kirk-Greene ya yi lacca guda a kan ma'anar mutumin kirki, aka buga ta a 1974. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin dokar hauka ta 1958, kuma dokar na buƙatar masana da za su yi wa mutanen Kura bayaninta da harshen da suke kuka da shi. Duk wanda ya samu gurbi a cikinmu, muna roƙon ya fitar da littafin Hausa guda daga kundinsa, ko da shafi sittin ne, yadda malamin firamare da limami da ungozoma za su iya karantawa. Allah Ya yi mana jagora, sai mako mai zuwa.