Konkur: Tambaya Tana Nan, Amsa Ce Ke Sakewa

  

In kana da ɗa, ko ɗiya, ko ƙane da ya gama lakwal, to ka san kalmar nan konkur. Ita ce jarrabawar da ake yi kafin a ɗauki mutum aikin gwamnati, ko a sa shi makarantar koyon aikin: malamin makaranta, malamin asibiti, jandarma, ɗan duwan, ma'aikacin gandun daji. Ka kuma san abin da take ci. Akwai kuɗin tambur, da takardar haihuwa, da takardar zama ɗan ƙasa, da hoto, da kuɗin mota. Daga Filinge zuwa Yamai wajen kilomita 180 ne. Wani uban sai ya sayar da tunkiya kafin takardu su cika. In yaro ya je ya faɗi, tunkiya ta tafi ke nan.

Cikin konkur da yawa akwai wani darasi da ake kira kultir janaral da Faransanci, wato sanin halin ƙasa da na duniya. Nan yara da dama suke tuntuɓe, kuma ba rashin kai ba ne. Sun haddace amsa cikin tsohon littafi, alhali ƙasa ta riga ta sake amsar. Bari in ba ka labarin yadda konkur ta zama ƙofar aiki, sa'an nan ka ga yadda amsoshin suke sakewa. Za ka yi mamaki, don yawancin labarin a ƙofar gidanka ya faru.

Da Nasara suka shigo ƙasar Kurfai a farkon shekarun 1900, ba su tambayi kowa takarda ba. Mutanen da za su yi musu aiki suke nema. Suka kafa bariki a Filinge, suka jingina da Mayaƙi Gado Namalaya, suka ba shi sarautar ƙasar. A lokacin nan aikin bariki shi ne tafinta, da gardi, da gumiye mai raƙumi ko doki, da kuku, da boyi. Ba a rubuta jarrabawa. In kumandan ya san ka, ko sarki ya ce kai nasa ne, ka shiga. In ba haka ba, kana cikin masu biyan lanho da masu aikin dole.

Talaka ya ga ƙarfin mutanen bariki har abin ya shige masa jiki. A 1925, a garin Cikal, aka fara wani sabon bori ta kan wata mace mai suna Shibo. Shi ne ake kira Babule, wasu su ce Hauka. Iskokin nan ba sunan daji ko na kogi suka ɗauka ba. Sunan gwamna suka ɗauka, da kumandan, da kafaran, suna fareti irin na soja. Kumandan na Yamai ya ji haushi, ya sa aka kama mutanen aka kulle. Ban kawo wannan don in yaba bori ba. Na kawo shi don ka ga irin idon da kakanninmu suke kallon aikin hukuma da shi: abu ne na wasu, abin tsoro, ba abin da ɗan manomi zai nema da alƙalami ba.

Lakwal ce ta fara sake wannan hali, amma a hankali. Iyaye da yawa ɓoye yara suke yi in an zo ɗaukar ƴan makaranta. Wanda aka kama, in yana da ƙoƙari, sai a kai shi Yamai. In ya ci jarrabawa a can, a kai shi nesa ƙwarai, har makarantar Wiliyam Fonti ta ƙasar Sanigal. Shiga wannan makaranta da konkur ne, kuma yaran ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa duka suke kokawar wurin. Bubu Hama ya fito daga can a 1929, ya zama malamin makaranta. Diori Hamani da Jibo Bakari su ma can suka yi.

Daga nan Filinge akwai Adamu Mayaƙi, wanda aka haifa a 1919, jikan Namalaya. Ya yi karatun aikin gona a Katibugu, ƙasar Mali ta yau. Ya zama ministan harkokin waje daga 1963 zuwa 1965, daga baya jakadan Nijar a Amurka. Dubi gida ɗaya: kaka ya samu muƙami da doki da mashi, jika ya samu da takarda. Akwai kuma Saini Kunce, wanda aka haifa a Fandu ta ƙasar Tondikanja a 1931. Shi ta makarantar yaran soja ya bi, a Kati da Sanluwi, ya shiga sojan Faransa.

A 1946 aka hana aikin dole. Ran 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriyar Nijar. Ran 3 ga Agusta 1960 aka samu mulkin kai. Riƙe ranakun nan biyu da kyau, don yara suna yawan haɗa su: ɗaya ranar jamhuriya ce, ɗaya ranar ƴancin kai. Waɗannan amsoshi ne da ba su sakewa.

Da Nasara suka tashi, sai ga biro babu ma'aikata. Yaran da ke lakwal a ƙasar duka ba su kai biyar cikin ɗari ba. Don haka a 1963 aka buɗe makarantar koyon aikin mulki a Yamai, wadda ake kira ENA. A wancan zamani gwamnati ce ke neman mai takarda. Mai sartifika kawai yana iya samun aiki, balle mai babbar takarda. Da aka fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, kuɗi suka shigo, aka yi ta ɗaukar ma'aikata. Shi ya sa har yau wasu tsofaffi suke cewa ai duk wanda ya yi lakwal gwamnati za ta ɗauke shi. Gaskiya ce, amma ta jiya.

Farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi. Fari ya zo a 1984. Bashi ya yi wa ƙasa yawa, Bankin Duniya da asusun FMI suka ce sai an rage kashe kuɗi. Aka tsuke ƙofar ɗaukar aiki. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa, ma'aikata suka yi ta bin gwamnati albashin watanni. Wajen ƙarshen shekarun 1990 aka fara ɗaukar malaman makaranta na sa-kai, daga baya na kwantaragi, da ɗan abin da bai kai albashi ba. Su kuwa masu takarda kullum ƙaruwa suke. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan 17 a Nijar. Wurin aiki kaɗan, masu nema da yawa. A irin wannan kokawa, tambaya ɗaya da yaro ya kuskure tana iya raba shi da wurin.

To, ga misali daga garinku. A ce an tambayi yaro: mene ne matsayin Filinge a tsarin mulkin ƙasa? Da kakanka aka tambaya, sai ya ce gari ne na kumandan. Da babanka aka tambaya bayan dokar 1964, sai ya ce arandisma ce, mai sufurefe, cikin dapartamar Yamai, don a shekarar nan aka raba ƙasa dapartama 7. Bayan rasuwar Kunce aka ware birnin Yamai shi kaɗai, sai Filinge ta koma ƙarƙashin Tilaberi. Da dokar 2002 ta zo, sunaye suka hau sama: abin da ake kira dapartama ya zama jiha mai gwamna, arandisma kuma ta zama dapartama, wato gunduma mai ferefe. A 2011 aka ƙara gundumomi daga 36 zuwa 63. Nan ne aka cire Abala da Baleyara daga jikin Filinge, kowace ta zama gunduma mai kanta. Garin bai gusa ko taki ɗaya daga bakin Dallol Boso ba, amma amsa ta sake sau huɗu.

Haka ma maganar magajin gari. A 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, kuka zaɓi kansiloli a Filinge, da Cikal, da Bonkuku, da Damana. A Afrilun 2024 aka rushe majalisun nan, aka naɗa kantomomi. Yaron da ya yi karatu da littafin yayansa zai rubuta tsohuwar amsa, kuma zai fito yana murna.

Shugabannin ƙasa kuwa, kai ka fi yaron saninsu, don da kunnenka ka ji. Abin da ya rage maka shi ne shekaru. Diori ya riƙe ƙasa har ran 15 ga Afrilu 1974, da Kunce ya yi juyin mulki. Kunce ya rasu a Nuwamban 1987, Ali Shaibu ya gaje shi. Aka yi babban taron ƙasa a 1991, aka zaɓi Mahaman Usman a 1993. Ibrahim Bare ya karɓe mulki a Janairun 1996, aka kashe shi a Afrilun 1999. A zamaninsa ne Ibrahim Asan Mayaƙi, ɗan gidan nan da na faɗa maka, ya zama firaminista a 1997. Dauda Malam Wanke ya yi watanni tara ya miƙa wa Tanja Mamadu. Salu Jibo ya tuɓe Tanja a Fabrairun 2010. Mahamadu Isufu ya hau a 2011, Mohamed Bazum a 2021. Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka sake karɓar mulki, ƙarƙashin Janar Abdurahaman Tiani, mutumin Tukunus.

Daga 2023 kuwa kiɗa ya sauya da sauri, rawa ma sai ta sauya. Taken ƙasa da aka rera tun 1961 an sake shi a Yunin 2023. A Satumban 2023 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen AES. A Janairun 2024 suka ce sun fita daga ƙungiyar CEDEAO, fitar ta tabbata a Janairun 2025. A 2024 aka fara kai man Agadem bakin teku ta bututu, har ƙasar Benin. A Maris na 2025 aka sa hannu kan sabuwar takardar tsarin mulki, wadda ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Duk littafin da aka buga kafin 2023, ba ko ɗaya daga cikin waɗannan a ciki.

Kada in ruɗe ka. Da Faransanci ake rubuta konkur, kuma ba kai za ka zauna kan benci ba. Amma labarin ba na Faransanci ba ne. Abin da yaro zai rubuta, shi ne abin da kake ji da Hausa a Muryar Sahel bayan sallar isha. Yanzu da hannunka ya iya alƙalami, nemi kaye guda. Duk sanda ka ji an naɗa sabon gwamna a Tilaberi, ko an sake minista, ko an kafa wata doka, rubuta sunan, ka rubuta wata da shekara a gefe. Shekarar nan ita ce gishirin abin. Wanda ya rubuta suna babu shekara, bayan damina biyu ba zai san wane ne ya riga wane ba. Abin da ya zo ta wayar salula kuwa, kada ka sa shi a kaye sai ka ji shi a rediyo, don mai gyara takarda ba ya ba da maki a kan ji-ta-ji-ta.

Kafin ka ɗaure tunkiya zuwa kasuwa, kira yaron ka zaunar da shi. Tambaye shi ko Abala tana cikin gundumar Filinge. In ya ce i, to littafinsa ya girmi 2011, sai a fara neman wani.