Fentin Da Ke Haske A Duhu: Ka San Tarihinsa Kafin Ka Shafa Wa Mixer

Kwanaki wani DJ daga Sabon Gari ya kawo mixer shagona a Fagge. Wai in biki ya kai dare ba ya ganin maɓallai, yana so a shafa musu fenti mai haske.

Ka san irin wannan fentin ya taɓa kashe mutane?

A 1898 Marie Curie da mijinta Pierre suka gano sinadarin radium a Faransa. Daga 1917 wani kamfani a New Jersey, Amurka, ya ɗebi 'yan mata suna shafa shi a lambobin agogo. Sukan lashi bakin burushi don ya yi tsini. Radium ya shiga ƙashinsu, haƙora suka zube, muƙamuƙi ya ruɓe, da dama suka mutu. Grace Fryer da wasu huɗu suka kai ƙara, aka sasanta a 1928.

A 1993 kamfanin Nemoto na Japan ya fito da na strontium aluminate. Shi haske yake sha, sannan ya riƙa sakinsa a hankali, ba radium ciki. Na blacklight kuwa sai fitilar UV na kunne yake walƙiya.

To malam, in za ka shafa, zare maɓallin tukuna. Fenti in ya gangara cikin volume, sauti zai fara ƙarce-ƙarce. Fara da farin fenti, ya bushe, sannan mai hasken.

In kuma tsohon agogon zamanin Turawa ya faɗo hannunka, kar ka kankare lambobinsa. Ko ya daina haske, radium sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare.

Allah ya tsare mu.