Daga Majigin Daudawa Zuwa Kyamarar Waya

A shekarun 1950, lokacin da auduga ke riƙe da arzikin kudancin Katsina, masu ɗaukar fim na Gwamnatin Jihar Arewa suka sauka a Daudawa, wadda a yau take cikin Ƙaramar Hukumar Faskari. Ba da ka suka zaɓi garin ba. Tun a shekarun 1920 Turawa suka kafa gonar gwajin irin auduga a can, ga kuma injin gurzar auduga na kamfanin Bisije a Funtuwa. A nan aka ɗauki Baban Larai, fim ɗin koyar da noma da masana ke sanyawa cikin na farko-farko da aka yi da Hausa.

Majigi ne ya kai shi ga jama'a. Mota za ta shigo gari da la'asar, sanƙira ya zaga da shela, bayan isha'i a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada. Yara su zube a gaba, dattawa a kan tabarmi, mai bayani yana ta magana a lasifika. Sai dai rabon yaran bai wuce kallo ba. Kyamara ta gwamnati ce, fim yana da tsada, kuma ƙalilan ne aka tura koyon aikin, irin su Adamu Halilu wanda ya yi horo a Ingila, ya kuma ba da umarnin Shaihu Umar a 1976.

Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ne suka buɗe wa samari ƙofa. Bayan an kafa gidan talabijin na Kaduna a 1962, sunayen Ƙasimu Yero da Samanja suka shiga bakin kowa, ɗaliban makarantun kwana kuma suka riƙa shirya nasu wasannin a daren Asabar. Da kyamarar bidiyo ta yaɗu a wuraren biki da suna, sai abu ya zo hannu. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda Salisu Galadanci ya ba da umarni, daga nan masana'antar da aka raɗa wa suna Kannywood ta somo.

Yawancin ma'aikatanta a bakin aiki suka koya. Yaro ya fara da ɗaukar jakar maigidansa, ya koma jan waya da riƙe fitila, wata rana a miƙa masa kyamara a ce ya gwada. An buɗe makarantar koyon fim ta ƙasa a Jos a 1995, amma ɗan manomin Sabuwa yana ganin nisanta, ga batun takardu da kuɗin makaranta.

Yau kyamarar tana cikin aljihu, sai dai kudancin Katsina yana cikin wani hali. A Disambar 2020 aka sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, a Satumbar 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Hotunan da duniya ta san yaran yankin da su na ranakun baƙin ciki ne, kuma wasu ne suka ɗauka.

Shi ya sa horar da matasa ɗaukar fim da waya a ranakun Asabar da Lahadi yake da daraja a nan. A kwana biyu matashi zai iya koyon riƙe waya ba rawa, sa mutum ya fuskanci haske, kusantar da makirfo, tsara labari a takarda kafin ɗauka, da neman izinin wanda zai ɗauka. Aji ɗaya ya isa, da wayoyi kaɗan da malamin da ya taɓa aikin. Abin ɗauka kuwa yana nan birjik: cinikin shanu a kasuwar Sheme, masu haƙar farar ƙasa a Ƙanƙara, da manoman masara da ke komawa gona duk da fargaba.