Tarihin Maganin Haƙori da Ƙodar Yaranmu

Yau tarihi za mu bi, tarihin da ya shafi goyon da ke bayanmu.

Ƙoda ita ce matatar jiki. Ita ke tace jini, ta fitar da datti da rarar ruwa ta fitsari. In ta tsaya, fitsari ya ɗauke, jiki ya kumbura.

A ƙarshen 2008, likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, suka ga ana ta kawo ƙananan yara da zazzaɓi da amai, fitsari ya ɗauke. Haka aka gani a Legas. Bincike ya gano an ba su maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka samu dayetilin gilaikol a cikinsa. Wannan ruwa ne mai zaƙi da ake amfani da shi a man birkin mota, kuma guba ne ga ƙoda. Yara 84 suka rasu. Hukumar NAFDAC ta rufe kamfanin, a 2013 kotu ta ɗaure ma'aikatansa biyu.

Ba nan aka fara ba. A 1990 wannan gubar, cikin farasitamol na ruwa, ta kashe yara sama da 100 a Nijeriya, da dama a Jos. A 2022 ta sake ɓulla a Gambiya cikin maganin tari, yara kusan 70 suka rasu.

To, mu da muke cikin gida, aike muke yi kemis, ba mu ganin mai sayarwa. Mun saba in yaro ya fara gudawa sai a ce haƙori ne. Uwar gida, gudawa ƙarar da ruwan jiki take yi, rashin ruwa kuwa shi ma yana tsayar da ƙoda. Abin da yaro ke buƙata nono ne, da ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zink, ba kwalbar da ba likita ya rubuta ba.

Ki riƙa duba zanen goyonki. In yaro ya wuni bai jiƙa shi ba, kada a jira gobe. A gaya wa maigida a tafi asibiti, a riƙe duk kwalbar da aka ba shi, likita ya gani.

Allah ya raya mana zuri'a, amin.