Sadakar Kyamara da Ribaɗin Wurno

 

A azumin da ya wuce wani ɗalibina na ajin manya ya zo mini da wayarsa cike da murna, ya nuna mini bidiyon da shi da abokansa suka ɗauka suna rabon shinkafa ga 'yan gudun hijira. Wai wani ne ya kira sunansa a Facebook, ya ce ya ciyar da mutum goma, shi ma ya kira wasu goma. Na yi masa addu'a. Amma akwai wani wuri a bidiyon da ya tsaya mini a rai: wata dattijuwa ta ja mayafinta ta rufe fuska, sai aka ji wata murya a bayan kyamara tana cewa, "Mama, buɗe fuskarki tukuna." Ta buɗe. Aka miƙa mata leda. Tun ranar nake tunanin rubuta wannan, kuma na ga babu inda ya fi dacewa in fara sai garinmu.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (Allah Ya jiƙansa) ya karɓi ragamar al'umma a 1817 bayan rasuwar mahaifinsa Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, ya riƙe ta shekara 20. A ƙarshen zamaninsa ya mayar da Wurno mazauninsa, ya yi ta ribaɗi, wato garin tsaron iyaka da ke fuskantar Gobirawa. A nan ya rasu a 1837, shekara guda bayan yaƙin Gawakuke, kuma a nan kabarinsa yake. Ɗansa Aliyu Babba ma ya zauna a Wurno, a zamaninsa ne Bature matafiyi Heinrich Barth ya sauka garin a 1853. Mafi yawanmu mun san wannan. Abin da ba mu cika tsayawa a kansa ba shi ne yadda Bello ya fahimci taimakon talaka.

Akwai wasiƙar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, wadda aka sani da Usulus Siyasa. Wanda ya karanta ta zai ga cewa hankalin Bello yana kan sana'a ne. Ya umurci shugaba ya kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa da masu magani, ya tabbata kowane gari ya sami rabonsa daga cikinsu, ya gina garuruwa masu ganuwa, ya gyara kasuwanni da hanyoyi, ya sa mutane su riƙa ajiye abinci. Shi da kansa haka ya yi a wannan yanki namu, ya zaunar da makiyaya a ribaɗoɗi, ya haɗa su da malamai da gonaki. Ya kuma yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon ido. Marubutan da suka zo bayansa sun ruwaito cewa daga abin da ya nema da kansa yake ci, yana kame hannunsa daga baitulmali. Ku lura, ya ku 'yan'uwa: duk waɗannan ayyuka ne da ba su da ranar biki. Kasuwar da aka gyara ba ta da fuskar da za a ɗauka tana kuka, amma jikokin wanda ya fara kasa haja a cikinta suna ci har yau.

Sai ƙanwarsa Nana Asma'u (1793 zuwa 1864), matar Waziri Giɗaɗo. Ita ce ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jajoji, tana ba kowace malfa, su koma ƙauyuka su karantar da mata. Idan ayarin matan ya zo wurinta, sukan zo da sadakarsu, hatsi ko zuma ko man shanu ko ƙyalle, a tara a raba wa marasa lafiya da mabuƙata. Matar ƙauyen da ta ɗauko mudun gero a kanta ba ta san cikin wa ya shiga ba, wanda ya ci kuma bai san gonar wa ya fito ba. Tsakaninsu akwai amintaccen hannu wanda ya suturta kowa. Ni a ganina wannan hikima ce da ta fi duk wata manhaja da aka ƙirƙiro mana.

Kada mu ɗauka cewa kyauta don a gani baƙon abu ne da intanet ta kawo. Ƙasar Hausa ta san shi tun da daɗewa. Mai kuɗi ya shigo taro, maroƙi ya ɗaga murya ya ambaci sunansa da na kakanninsa, ya sa hannu a aljihu, sanƙira ya shelanta abin da ya bayar, sau da yawa har da ƙari. Malaman jihadi sun yi ta faɗa da wannan ɗabi'a ta son yabo da ƙawa, har Malam Abdullahin Gwandu ya taɓa barin jama'a ya nufi gabas, ya kai Kano, saboda takaicin yadda son duniya ya fara shiga zukatan wasu daga cikin mutanensu. Abin da ya canza yau shi ne maroƙin ya koma cikin aljihunmu. Ba ya gajiya, ba ya barci, kuma yana ƙirga mana mutum nawa suka yaba. Na dā ma ya fi sauƙi ta wata fuska, domin mai kyauta yake wasawa, ba ya tona asirin wanda aka bai wa.

Na san wani zai ce, Malam, ai bayyana sadaka ba haramun ba ne. Gaskiya ne. Aya ta 271 a Suratul Baƙara ta yabi sadakar da aka bayyana, sannan ta fifita wadda aka ɓoye aka kai wa matalauta. Sayyidina Usman (RA) a bainar jama'a ya shirya rundunar Tabuka. Kuma ba na musun cewa irin waɗannan gasa suna tara kuɗi: wadda aka yi a 2014, ta zuba ruwan ƙanƙara a ka, ta tara wa wata ƙungiya a Amurka dala miliyan 115 don binciken wata cutar jijiyoyi. To amma a waccan gasar mai bayarwa ne ya jiƙa kansa, shi aka yi wa dariya. A tamu, mai karɓa ne ake tsayarwa a rana. Kuma aya ta 264 a wannan surar ta gargaɗe mu cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, ta kwatanta mai yin haka da mai ciyarwa don mutane su gani. Ku tambayi kanku tsakani da Allah, matar da aka tilasta ta buɗe fuska, aka watsa ta ga dubban baƙi, an cutar da ita ko ba a cutar ba? Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim game da mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar Alƙiyama, ɗayansu mai kyauta ne wanda ya bayar don a ce shi mai kyauta ne. Ni dai duk lokacin da na karantar da shi sai jikina ya yi sanyi, domin malami ma yana cikin ukun.

Wannan yanki ya ga buƙata iri-iri. A watan Satumba na 2010 Gulbin Rima ya yi ambaliya, ruwa ya cinye gonaki da gidaje a Goronyo da Wurno da Raba, har ya yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni, mutane suka kwararo Gandi. A Oktoban 2021 aka kai hari kasuwar Goronyo. Kowane lokaci motoci sun zo, an yi layi, an ɗauki hoto, kuma ba na raina buhun da ya shiga gidan mai yunwa. Amma wanda ya zauna a nan ya san su wa suka ɗauki nauyin bayan ƙura ta lafa. Maƙwabcin da ya ba iyali guda ɗakin zaurensa shekara biyu. Manomin da ya yanka wa baƙo gefen fadamarsa ya shuka albasa. Matar da ta ƙara ruwa a tukunyarta kullum ba ta gaya wa ko mijinta ba. Waɗannan su ne magadan Bello da Asma'u, ko da ba su taɓa jin sunan Usulus Siyasa ba. Shi kuwa rabon da ake shelanta shi don taro ya cika, mun ga inda yake kaiwa: a Maris na 2024 an yi turmutsutsu wajen rabon sadaka a Bauchi, mutane suka mutu, galibinsu mata da yara.

Ɗalibin nan nawa ban ce masa ya daina ba. Na ba shi labarin Aliyu ɗan Husaini, Zainul Abidina, wanda gidaje da yawa a Madina suke wayar gari da abinci a ƙofarsu ba su san daga ina ba, sai da ya rasu abincin ya yanke, masu wankansa kuma suka ga tabon buhu a bayansa. Sannan na tambaye shi sunan dattijuwar da ke cikin bidiyonsa, da ƙauyen da ta baro, da ko tana da jikokin da suka isa shiga makaranta. Bai san ko ɗaya ba. Mun yi da shi cewa ranar Alhamis zai koma ya nemo ta, wayarsa kuma zai bar ta a wurina.