Gonar Angola da mutumin da ya riƙe alƙalami

Kurkukun Angola a jihar Luwiziyana ta Amurka asalinsa gonar auduga ce da bayi suka noma. Bayan 'yanta bayi, wani Samuel James ya riƙa hayar fursunoni yana kai su gonar, har jiha ta karɓe ta a 1901. Har yau ana fita da su fili da fartanya, gandirobobi na bisa dawakai.

Nan aka tsare Wilbert Rideau. A 1961, yana ɗan shekara 19, ya yi fashi a banki ya kashe wata ma'aikaciya da wuƙa. Hukuncin kisa ya koma ɗaurin rai da rai, shi kuwa ya zama editan mujallar fursunoni, The Angolite. Da hannunsa a fim ɗin The Farm na 1998 kan wannan kurkuku, wanda ya shiga takarar Oscar.

Ina girmama fim ɗin nan don bai wanke kowa ba. An nuna dattijon da ya kashe matarsa, cutar kansa tana cin sa, abokan ɗauri sun kewaye gadonsa. Sai dai dangin waɗanda aka kashe ba su samu irin wannan fili ba, kuma abin yana ci mini rai. Shi kuwa Rideau, duk da ɗaurin rai da rai, an sake shi a 2005.