Malami a Fada: Sharhin Littattafai da Mulkin Ƙasa

Abin da nake so mu duba yau shi ne matsayin sharhi a cikin sha'anin mulki. Sau da yawa matani gajere ne, a dunƙule yake. Wanda ya warware shi, shi ne ke nuna wa alƙali yadda zai yanke hukunci. Saboda haka mai sharhi yana da hannu a cikin mulki, ko da bai taɓa zama a kan karaga ba.

Bari mu fara da ƙasar Sin. A can an yi wani malami, Ju Shi, wanda ya rayu daga 1130 zuwa 1200. Ya riƙe muƙaman hukuma, ya kuma rubuta sharhi a kan littattafai huɗu na mazhabar Konfushiyas. A 1196 fada ta haramta karantarwarsa, amma a 1313 sai aka mai da sharhinsa ma'aunin jarrabawar ɗaukar ma'aikata. Daga nan, mai neman muƙami ta hanyar jarrabawa dole ya karanta magabata da idon Ju Shi. Ba a soke jarrabawar ba sai a 1905.

To, mu dawo gida. A Daular Usmaniyya babu irin wannan jarrabawa. Ɗalibi yakan durƙusa gaban malami ya sauke Risala da Muhtasar, ya karɓi izini. Amma fa Muhtasar ba ya karantuwa sai da sharhi, irin na Harashi ko na Dardiri. Ke nan alƙalin da ke shari'ar gado ko ta iyakar gona a ƙasar Kazaure, ko mai ƙara daga Gwiwa ya zo ko daga Roni, da fahimtar masu sharhi yake aiki.

Babban misalinmu shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. A wajen 1807 ya ga son duniya ya fara shiga zukatan jama'ar jihadi, sai ya bar su da nufin tafiya Makka. Da ya iso Kano, mutanenta suka roƙe shi ya tsaya. Ya karantar da su tafsiri, ya kuma rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafin da ke bayyana haƙƙoƙin da ke kan mai mulki da alƙali. Daga baya ya koma, ya riƙe yammacin daula daga Gwandu, kuma nauyin mulki bai hana shi kammala tafsirinsa, Liya'ut Tawili, ba.

Mutanen nan biyu sun yi tarayya a abu guda: kowannensu ya yi wa hukuma aiki, kuma kowannensu ya auna hukumar da littafi ya ga ta gaza. Bambancin shi ne, a Sin sarakuna sun karɓe sharhin suka mai da shi tsanin samun muƙami, har ɗalibai da yawa suka koma haddace shi don cin jarrabawa kawai. A nan kuwa littattafan Malam Abdullahi sun zauna a zaurukan malamai, inda ba sarki ke ba da izini ba.

Ku ɗalibai da ma'aikata, ku ma masu sharhi ne, domin kullum kuna fassara doka ga talakan da bai iya karanta ta ba. Tambayar da Malam Abdullahi ya fuskanta a hanyar Kano tana gabanku: idan littafi da mai ba da umarni suka saɓa, wanne za ku bi?